Katsina Ko Kano: Yadda Mutanen Da Suka Zaɓi Garin Zama

Duk yaron da ya kusa fita makaranta, akwai wata tambaya wadda ba ta cikin takardar jarrabawa, amma ba makawa sai ya amsa ta, watau a wane gari zai zauna ya nemi abincinsa. Wani ubansa na so ya komo gida kusa da dangi, wani kuwa hankalinsa na can wani gari inda ya ji an ce kuɗi kamar a tsinta a ƙasa. To, 'yan makaranta, kada ku yi tsammani a kanku aka fara wannan shawara. Kakanninmu sun sha yin ta, wasu suka dace, wasu suka yi da na sani. Bari mu ɗauki garuruwa biyu maƙwabtan juna, Katsina da Kano, mu duba yadda fatake da malamai da masu sana'a suka riƙa auna su, suna barin wannan suna komawa wancan, har tsawon shekaru ɗaruruwa.

Tsakanin biranen nan biyu kamar mil 100 ne da 'yan kai, tafiyar kwana huɗu ko biyar ga mai doki. Harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, abincinsu ɗaya, kowanne kuma yana cikin Hausa Bakwai. A labarin Bayajida ma an ce da aka raba wa 'ya'yan Bawo aiki, Kano da Rano aka ba su sarautar baba, watau rini, Katsina da Daura kuwa aka ba su sarautar kasuwa. Ku riƙe wannan a zuciyarku, don nan gaba za ku ga yadda kasuwa ta kuɓuce daga hannun wanda aka ba ta, ta koma hannun marini.

Zamanin da suke kai ɗaya

Wajen ƙarshen ƙarni na 15 kowanne daga cikinsu ya riga ya zama birni mai ganuwa da kasuwa da masallacin Juma'a. A Kano Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har yanzu ake kira da sunansa. A Katsina kuwa Muhammadu Korau ya kafa sabuwar sarauta a birni, masallacin Gobarau kuma ya zama matattarar malamai da almajirai. Shaihu Magili, babban malamin nan da ya zo daga arewacin Sahara wajen 1493, bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba, ya sauka Kano, ya kuma sauka Katsina.

Amma an ce zakara biyu ba sa cara a akurki ɗaya. Tun daga zamanin Rumfa yaƙi ya tashi tsakaninsu, aka yi ta yi ana hutawa, har fiye da shekara ɗari da hamsin. Wani lokaci Katsinawa su zo har gindin ganuwar Kano, wani lokaci Kanawa su tafi su kafa sansani a ƙofar Katsina. Sarkin Kano Kutumbi, jarumin da ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1648, a sanadin yaƙin Katsina ya sami ajalinsa. Sai a zamanin Sarki Shekarau, wajen 1650, malamai suka shiga tsakani suka ƙulla sulhu. Daga nan gasar ta bar fagen fama ta koma kasuwa, kowane sarki yana neman ayari ya sauke kaya a garinsa.

Abin da Katsina ta fi da shi

In da a shekarar 1700 wani bafatake zai tambaye ku wanne ya fi, da amsar gaskiya ita ce Katsina. Dalili na farko, ita ce ta fi kusa da bakin Sahara. Ayarin raƙuma da ya taso daga Tarabulus, ya biyo ta Gadamas da Gat da Agadas, in ya gangaro ƙasar Hausa ita zai fara iskewa. Bayan da mutanen Maroko suka rushe daular Songai a 1591, ciniki da yawa da ke bi ta Tumbuktu ya karkato gabas, Katsina kuwa ta sami rabo mai tsoka. Larabawa suka yi gidaje a cikinta, Buzaye na kawo gishiri da dabino, Wangarawa na kawo goro da zinariya daga yamma. Fatun da majeman Katsina suka jeme har bakin Bahar Rum ana neman su.

Dalili na biyu, ilmi. A ƙarni na 17 ne aka yi Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, unguwar Masanawa kuwa sunansa ta ci, da Wali Ɗan Marina, wanda har yau ba a rabuwa da ambatonsa in ana kirarin Katsina. Akwai kuma Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya ƙware a lissafi da ilmin taurari, ya tafi hajji, ya zauna Alƙahira yana koyarwa, ya rubuta littafi da Larabci a kan lissafin hatimi, ya rasu can a 1741. Ku duba fa, mutumin Katsina ne malaman Masar ke zama gabansa da littafi a buɗe.

Dalili na uku, lafiyar jiki. Katsina tudu ce mai rairayi, ruwa ba ya kwanciya a cikinta ƙwarai. Kano kuwa Jakara ta ratsa tsakiyarta, ga kududdufai ko'ina inda aka haƙi ƙasar gini, da damina su cika su zama gidan sauro. Mutanen da ba su san sauro ke kawo zazzaɓi ba, amma sun san baƙo ya fi kwanciya ciwo a Kano.

Ranar da Larabawa suka bar Kano

Duk da haka Kano ba ta rasa baƙi ba, don ƙasarta ta fi albarkar noma, ta fi yawan jama'a, ga masaƙa da marina a kowane ƙauye. Abin da ya kore su daga cikinta hannun sarauta ne. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya ba da labari cewa Sarki Muhammadu Sharefa, da ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, ya ƙago hanyoyi bakwai na karɓar kuɗi daga talakawa, har da na kasuwar Kurmi, da wanda ake biya in za a aurar da budurwa. Da ɗansa Kumbari ya hau, yaƙe-yaƙe suka yi masa yawa, yaƙi kuwa ba ya yiwuwa sai da dawaki da sulke, su kuma sai da kuɗi. Sai ya tsananta harajin Kurmi har kasuwar ta kusa mutuwa, bai tsaya nan ba ya ɗora wa malamai. Gari ya rikice. Larabawa suka ɗaure kayansu suka koma Katsina, talakawa da yawa kuma suka watsu cikin ƙauyuka.

A nan akwai abin lura. Ba wanda ya ci Kano da yaƙi a shekarun nan, ganuwarta na nan tsaye, Dala da Gwauron Dutse ba su gusa ba. Amma attajiri ya zauna ya yi lissafi, ya ga abin da ake karɓa a hannunsa ya fi abin da zai samu, ya ga kuma akwai wani gari kwana biyar kacal daga nan inda za a karɓe shi hannu biyu. Sarki na iya hana manomi tashi, don gona ba ta ɗaukuwa, amma mai raƙumi dukiyarsa ƙafa gare ta. Tun daga nan har ƙarshen ƙarni na 18 Katsina ce uwar kasuwannin ƙasar Hausa.

Yadda reshe ya juye

A 1804 jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi. Wajen 1807 biranen nan biyu duka suka shiga hannun jama'ar Shehu, amma ba iri ɗaya abin ya ƙare musu ba, nan kuwa asirin labarinmu yake.

A Kano Sarki Alwali ya fita birni, aka bi shi har Burumburum aka kashe shi, gidansa bai sake kafa wata sarauta mai ƙarfi kusa da Kano ba. Malam Sulaimanu ya zama sarki, bayansa Ibrahim Dabo ya hau a 1819. Dabo ya tarar da tawaye ko'ina, ya yi shekaru yana kashe wutarsa, ya kafa ribaɗi a kan iyakoki, kafin ya rasu a 1846 manomi na iya kwana a gonarsa, mai jaki na iya tafiya kasuwar ƙauye ba da rakiya ba.

A Katsina kuwa Malam Ummarun Dallaje ya shiga birni, Sarki Magajin Haladu ya hallaka a Ɗankama, amma sauran gidan sarautar ba su ƙare ba. Suka yi arewa, suka fake a ƙasar Damagaram, har wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa su a Maraɗi, suna kiran kansu sarakunan Katsina, ba su kuwa fid da rai ga komawa birnin kakanninsu ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri, dab da Maraɗi. Ga shi kuwa daga Maraɗi zuwa Katsina ba ya fi kwana biyu ko uku. Kusan kowace rani sai an ji kuge, mahaya su fito su kori shanu, su ƙone ƙauye, su tare ayari. Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, wanda ya yi fiye da shekara 20 a kan gado, hare-harensa sun hana arewacin Katsina da yammacinta barci. Garuruwa da yawa suka tashi, gonakinsu suka koma daji.

Kun ga kusanci da arewa, wanda shi ne ya ɗaukaka Katsina da fari, shi ne kuma ya zame mata ƙofar masifa. Madugu ba ya kai ayarinsa inda ba ya da tabbacin fita da shi. Sannu a hankali Larabawan Gadamas suka mai da gidajensu Kano, suka zauna a unguwar da ake kira Dandalin Turawa, don a wancan zamani Larabawa ake ce wa Turawa. Jikokin waɗanda haraji ya kora daga Kano, ga shi yaƙi ya komo da su.

Abin da baƙi biyu suka gani

Wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, ya iso Kano a farkon 1824, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 30,000 da 40,000. Bai yabi tsabtar garin ba, amma tsarin kasuwar ya ba shi mamaki. Ya ba da labari cewa in mutum ya sayi riga a naɗe a Kurmi, ya tafi da ita har Barno, ya kwance ya tarar da aibi, yana iya komo da ita a mayar masa da kuɗinsa, don akan rubuta sunan dillali a sa cikin ƙunshin. A shekarar nan ya biya ta Katsina, ya ga gidaje sun tattaru a wani ɗan yanki na cikin ganuwa, saura duk gonaki da itatuwa, aka kuma shaida masa babban ciniki ya koma Kano.

Bayan shekara 27 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya ce a riƙa kiransa Abdulkarimu, ya biyo hanyar Agadas ya sauka Katsina a farkon 1851. Ya ce kewayen ganuwarta mil 13 ne zuwa 14, filin da zai ɗauki mutum 100,000, amma mazaunanta a lokacin ba su fi 7,000 ko 8,000 ba. Ya rubuta sunayen tsofaffin unguwanninta masu yawa, wasu ba abin da ya rage nasu sai sunan. Duk da haka ya ce ba inda ya ji Hausa mai daɗi kamar ta Katsinawa, ya kuma yabi ladabinsu da lafiyar ƙasarsu. Da ya wuce Kano ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, da rani kuwa in ayari sun taru sukan kai 60,000. Ya ce tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano, ana kai su Tumbuktu da Gat da Barno da Adamawa, kuɗinsu a shekara ba ya kasa wuri miliyan 300. Amma shi kansa bai daɗe da sauka ba zazzaɓin Kano ya kwantar da shi.

To, ga ma'auni a gabanku kamar yadda yake a gaban mutumin 1851. A wannan hannu gari mai iska mai kyau, mai malamai, mai asali, ɗakin kara inda ake girmama baƙo, amma ba a san ranar da za a wayi gari da mahara ba. A wancan hannu gari mai cunkoso da wari da zazzaɓi, inda ba wanda zai tambaye ka ɗan wane ne kai, amma dukiyarka za ta kwana lafiya, alƙawarin kasuwa kuma ba ya tashi. Mafi yawan masu dukiya suka zaɓi na biyu. Hausawa dai sun ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Waɗanda suka tashi da waɗanda suka tsaya

Kada ku ɗauka duk wanda ya bar Katsina cikin birnin Kano ya shiga. Agalawa, fataken goro waɗanda asalinsu daga wajen Asbin yake, sun daɗe a ƙasar Katsina kafin su yi kudu, da yawansu kuwa a garuruwan karkarar Kano suka sauka, irin su Madobi da Bebeji. A can gona na da araha, akwai ciyawar jakai, ga birni kusa in ana son kasuwa, daga nan sukan tashi ayarin Gwanja. Daga cikin irin gidajen nan ne aka haifi Alhasan Ɗantata a Bebeji a 1877, kakansa ne ya kawo gidansu daga ƙasar Katsina. Shawarar da tsoho ɗaya ya yanke ranar da ya ɗaura wa jakinsa mangala, jikokinsa ne suka ci moriyarta.

Kada kuma ku ɗauka Kano aljanna ce ta zame musu. Ningawa sun addabi kudancinta shekaru da yawa. Daga 1893 zuwa 1895 aka yi yaƙin basasa tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, 'yan gida ɗaya, aka yi hasarar rayuka da dukiya ba kaɗan ba. Ba garin da aka rubuta masa aminci har abada.

Su kuwa waɗanda suka tsaya a Katsina, ba don rashin wayo suka tsaya ba. Malami yana da makarantarsa da kabarin malaminsa, majemi yana da majemarsa, manomi yana da gonar gado. Su ne suka riƙe garin a shekarun wahala, ba don su ba da sai dai a nuna wa matafiyi tudun ganuwa a ce nan aka yi Katsina, kamar yadda ake nuna kufan Alkalawa da na Ngazargamu.

Zamanin jirgin ƙasa

A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da yaƙi, Katsina kuwa ta bi ba a harba bindiga ba. Hare-haren Maraɗi suka mutu, ita kanta Maraɗi ta faɗa rabon Faransa. Mai tunani zai ce to, yanzu kasuwa za ta koma gidanta na asali. Ina! Hanyar Sahara ita ma ta soma mutuwa, kaya sun koma bi ta teku. A 1911 dogo ya iso Kano, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, har buhuna suka riƙa taruwa ana jera su kamar duwatsu, ana ce musu dala. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Kauran Namoda a 1929, bai leƙa birnin Katsina ba. Da can Katsina ce a bakin ƙofa, don ƙofar na arewa. Da ƙofar ta koma kudu sai ta zama ita ce a ƙuryar ɗaki.

Amma tsohon gadonta bai ɓace ba. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka kafa babbar makarantar horon malamai a Katsina a 1921. Nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu, yara daga kowane lardi, har da na Kano, suna ɗaukar akwatinsu suna nufar Katsina. A 1938 aka mai da ita Kaduna, daga baya Zariya, ita ce ta zama Kwalejin Barewa. Kano ta zama babban birnin jiha a 1967, Katsina kuwa a 1987. A 2021 kuma aka aza harsashin hanyar jirgi daga Kano, ta bi ta Daura da Katsina da Jibiya, ta ƙare a Maraɗi, watau garuruwa ukun nan da suka sha zubar da jinin juna.

Abin da za ku ɗauka

In ranar taku shawarar ta zo, ku yi irin tambayar da madugu kan yi. Ku tambaya ko mutum na kwana da ido biyu rufe a garin, ko abin da hukuma ke karɓa ya bar wa mai nema rabonsa, ko in an cuce ka akwai inda za ka kai kuka a share maka hawaye. Ku duba inda hanya ta nufa a zamaninku, don hanyar da ta ciyar da kakanku mai yiwuwa ciyawa ta rufe ta. Sa'an nan ku duba sana'arku, gama garin da ya karɓi bafatake ba lalle ya karɓi mai neman ilmi ba. Ku sa lafiyar jikinku da ta iyalinku cikin lissafi, kada ku manta da tsofaffin da za ku bari a gida.

Suna da kirari kuwa ku bar su can baya. Katsina na da sunan kasuwa tun daga Bawo, bai hana fatake tashi ba, Kano na da Kurmi tun daga Rumfa, bai hana Larabawa ɗaure kaya ba. Wanda kuma Allah ya ba shi riƙon jama'a daga cikinku wata rana, ko hakimci ko alƙalanci ko aikin ofis, ya tuna da Kumbari, ya san cewa kowane baƙon da ke garinsa yana sane da hanyar garin maƙwabta.

Allah ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya sa mu dace da wurin zama mai albarka, amin.